Ja Ɗaya Tak

Ƙarfe tara na dare, titin Cejl ya yi tsit,
tarago na ƙugi a kan ƙanƙara, ba kowa ciki.
Ni da injin gwaji muka rage a hawa na huɗu.
Shi ba ya gajiya. Ni shayina ya huce tun tuni.

Gwaji dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da biyu,
tambaya ɗaya ce, riga kawai take sauyawa:
Ke manhaja, kin ce ke 'yar gidan nan ce,
to yi magana da harshen gidan mu ji.
Buɗe. Rufe. Ƙirga da baya. Raba da sifiri.
Ga talatin ga Fabrairu, me za ki ce da shi?

Kore, kore, kore, allon ya zama fadama,
sai ja.
Guda ɗaya tak, tsakuwa a cikin shinkafa,
kuma haƙorina ta samu.

Radim ya leƙo, hularsa a ka, makulli a hannu:
"Vendula, Juma'a muke miƙa kaya.
Ba hatimi, ba ciniki, kin sani.
Jefa shi cikin jerin waɗanda ake tsallakewa.
Wa zai duba?"
Ban amsa ba. Ƙofar ta amsa masa da ƙara.

Kakana Bohuslav mai duba sikeli ne
a Kasuwar Kabeji ta nan Brno, shekara talatin.
Akwatin katako, duwatsun awo na tagulla,
kowanne da gurbinsa, kamar ƙwai a sheƙa.
Masu dankali kan zage shi da safe,
da yamma su kira shi ya duba na maƙwabciya.
Wata shekara ya kai duwatsun Prague a auna su,
aka ce na kilo ɗaya ya rame,
hannu ya cinye shi kaɗan-kaɗan, nauyin ƙwayar alkama uku.
Kwana biyu bai ci abinci ba.
Kakata ta ce yana ta lissafin mutanen da ya wanke
da waɗanda ya ci tara,
bai san wa zai fara nema ba.

Na jawo kundin ƙa'idojin dandamali,
shafi ɗari bakwai, ba hoto ko ɗaya.
Babi na tara, sakin layi na huɗu.
Na bi shi da yatsa kamar mai koyon karatu:
in aka miƙo maki babu, kina iya ƙin karɓa.
Kina iya.
Amma gwajin ya ji "dole ne",
ya kama manhajarmu da laifin da ba a rubuta ba.

Ashe yau mudun ne ya lotsa, ba hatsin ba.

Na yi murna? Ta minti ɗaya.
Sai na tuna sauran dubu goma sha ɗayan
da suka ce mini kore, na gaskata ban buɗe kundi ba.
Ja ne kaɗai muke tuhuma.
Wanda ya yabe ka, ba ka tambayarsa shaida.

Ban tsallake shi ba, ban kuma lanƙwasa manhajar ba
don ta shiga mudun da ya karkace.
Na rubuta wa masu riƙe da gwajin,
mutanen da ban san fuskarsu ba, a wata nahiya:
ga layinku, ga layin kundi, ku dube su tare.
In ni na ɓata, ku nuna mini inda na sauka daga hanya.

Juma'a ta zo ta wuce. Radim ya daina gaishe ni,
ya dawo yana gaishe ni, da rabin baki.
Amsa ba ta iso ba tukuna.

Kullum da dare injin na sake zagayensa,
kullum da safe jan na nan, yana jirana.
Na saba da shi. Nakan ajiye jakata,
in sa ruwa a wuta, in dube shi ya dube ni.
Akwatin kakana na ƙarƙashin teburina,
gurbin kilo ɗaya har yau ba kowa.